Gurbin Babana a Taɓon Teku

Ranar da Furofesa Zaitun ta ce min bincikena zai koma bakin teku, dariya ce ta kuɓuce min a gabanta, irin wadda mutum ke yi idan kuka ya ƙi zuwa. Ni Hauwa 'yar Gumel, wadda babban ruwan da na sani kafin na hau jirgi shi ne kogin Hadejia da damina, wai ni za a damƙa wa gaɓar teku in raya. Shekarata uku ke nan a Kuala Lumpur a lokacin. Malamin da na fara aiki a ƙarƙashinsa kan itatuwan da ke jure fari ya samu aiki a wata ƙasa, ya tattara ya tafi, ya bar ni da rabin littafin digirin da ba mai son karɓa. Wata bakwai ina yawon ofis-ofis a jami'armu da ke titin Jalan Semarak da fayil a hammata, kowa ya yi min murmushin nan nasu mai laushi, da "lah" ɗin nan da suke liƙa wa ƙarshen magana, ya ce, "Sai dai zango mai zuwa, lah." Furofesa Zaitun ce kaɗai ta nuna min kujera.

Ba ta ɓoye min komai ba. Makaranta ta ba ni shekara ɗaya ta ƙarshe, takardar zamana a ƙasar ma a kan wannan shekarar take. Aikin da ke hannunta kuwa ɗaya ne. Akwai wani ƙauyen masunta a gaɓar jihar Selangor da teku ke ci kullum, ya cinye musu filin ƙwallo, ya fara lasar maƙabarta. Wani kamfani yana so ya cike wurin da yashi ya gina rumbunan ajiya. 'Yar majalisar yankin, wadda kowa ke kira YB kamar yadda suke kiran 'yan majalisarsu, ta tsaya kai da fata aka dakatar da kamfanin, aka ce a gwada dasa bakau tukuna. Bakau itace ne da ke tsirowa cikin taɓon bakin teku, saiwoyinsa a waje kamar ƙafafun kujerar tsakar gida, su suke riƙe ƙasa suna karya ƙarfin ruwa. Kwamitin majalisa ya gindaya sharaɗi: a dasa ɗari shida, bayan wata uku su zo su ƙirga. In rabi na raye, a bar wa ƙauyen gaɓarsu, ni kuma in samu wata shidan da nake buƙata in yi awo in rubuta. In bai kai rabi ba, motocin yashi su shigo, ni in haɗa akwatina.

"An ce ke ma'aikaciyar gandun daji ce a ƙasarku," in ji ta.

"Ni da babana duka, Furofesa."

"To, boleh?"

"Boleh," na ce, wato zan iya. A raina kuwa cewa nake, in dai dashe ne ai an zo gidana.

A unguwar Danau Kota nake zaune, a bene hawa na goma sha bakwai, ni da Bilki, wata Bakanuwa mai karatun haɗa magunguna da baki kamar reza. Mijina malamin makaranta ne, shekara uku muka yi alkawari da shi, ga shi na shiga ta huɗu. 'Yata Sadiya tana da shekara biyar na baro ta. Ƙanenta Abba kuwa yaye shi na yi na taho, kuma har yau zuciyata na suya in na tuna abin da yake kira na: Maman waya. A wurinsa akwai kakarsa da ke yi masa wanka, akwai kuma wata mata da ke zaune cikin wayar babansa tana ce masa ya ci tuwo. Wannan yaron nake gani duk sanda aka ce min in haɗa akwati. In koma in ce masa me? In ce shekara huɗun da na hana shi cinyata ba abin da na samo da su?

Daga Danau Kota zuwa ƙauyen tafiyar awa uku ce. In hau bas zuwa tashar Sentul, in hau jirgin ƙasa, in sauya wani, in sauka in jira wata tsohuwar bas da ke zuwa sanda ta ga dama. Ranar farko da aka kawo dashen, mai lambun renon da aka saye su a wurinsa ya sauke mana su a bakin kwalta, wai lungun ƙauyen ya yi wa motarsa kaɗan, alhali a gabana motar ƙanƙara da ta fi tasa girma ta shige. Ya ɗauki hoton ledojin a jere, ya ɗaga min babban yatsa, ya ja motarsa. Rana na dukan dashe ɗari shida, gaɓa kuma tana da nisa. Na yi ta surfa masa masifa da Hausa har ƙurarsa ta ɓace, sannan na cire gyalen da ke kan hijabina na naɗa gammo, na aza kwando a ka. Matan ƙauyen suka firfito suna kallo baki buɗe, don su ba sa ɗaukar kaya a ka. A sawu na uku sai ga wata 'yar tsohuwa siririya, da hular malfa, ta turo baro ta tsaya kusa da ni. Ta fara lodi. Ita ce Mak Cik Som, wato Gwaggo Som, sana'arta tonon ƙumbar da suke ci a cikin taɓo. Kafin la'asar mata bakwai ne ke turin baro.

Ranar dashe YB ta zo da kanta, gajeriyar mace da takalmin roba har gwiwa. Mutanen ƙauye suka shiga taɓo bayan ruwa ya ja. Abin da na gani ya ɓata min rai ƙwarai. Mutum ya soka sanda, ya yage leda, ya cusa dashe, ya ɗaure shi jikin tsinken gora mai lamba, ya wuce. Shi ke nan fa. Kafin azahar sun gama ɗari shida suna wanke ƙafa suna raha. Na tsaya ina cizon leɓe ina cewa, kai, wannan ai wulaƙanta itace ne.

Dole in faɗi inda na fito kafin a ga wautata. Babana ya yi shekara talatin a gandun renon itatuwa na Gumel. Ina 'yar shekara bakwai yake tafiya da ni, kuma abu na farko da ya koya min shi ne gurbi. In ka dasa darbejiya, sai ka zagaye gindinta da dunduniya, ka danna ƙasa ta lotsa kamar kwano, don ɗan ruwan da za ka zuba ya kwanta ya shige saiwa. Dashen da ba gurbi, a wurin Baba, ba a gama dasa shi ba. Ya sha mayar da manyan leburori baya saboda haka. Na yi wa itatuwa gurbi ba adadi, har ƙafata ta haddace, ba sai na yi tunani ba.

Saboda haka kashegari na dawo ni kaɗai in gyara musu aikinsu. Ban gaya wa Furofesa ba, don a ganina wannan ba abin rubutawa ba ne, kamar mutum ya rubuta cewa ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Teku na ba da awa huɗu ko biyar idan ruwa ya ja, kafin ya sake kawowa. A cikin awannin nan nake bi layi-layi, taɓo har cinya, ina zagaye kowane dashe da dunduniya, inda ya ƙi in sa hannu in kwarfe. Taɓon wurin mai danƙo ne, in ka yi masa siffa yana riƙewa. Kwana takwas na yi ɗari huɗu. Sau biyu Mak Cik Som ta hango ni daga inda take tono, ta ɗaga murya tana faɗin wani abu tana kaɗa hannu. Iska ta kwashe rabin maganar, Malayancina kuma na sayen tumatir ne. Na ɗauka sannu take min, na ɗaga mata hannu ina washe baki.

A kwana na tara wani ɓawon kawa, wata irin ƙumba mai kaifi, ya huda takalmina ya tsarge min dunduniya. Ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana goma. Ina kwance ina damun Bilki da zancen ɗari biyun can ƙarshe da ban kai gare su ba.

"Marayuna suna can ba gurbi, Bilki. Su za su fara mutuwa."

"Maman Sadiya, wallahi in kika ƙara ce min marayu sai na kife miki kunun nan a ka. Sha ki ba ni kofi, lah. Mutum ƙafa kamar turmi yana zancen itace."

Da na warke na koma ina ɗingishi. Tun daga kan tudu na hango ɓarna. Layukan farko, waɗanda na fi ba wa kulawa, ganyensu ya yi ɗorawa. Na shiga na taɓa ɗaya, ganyen ya biyo hannuna. Na ƙirga arba'in matattu. Bayan kwana huɗu suka zama casa'in. Innalillahi, kullum na zo sai na tarar da sabon layi ya sunkuyar da kai. Na auna gishirin ruwa, daidai. Na duba ko ƙaguwa ce ke ci, ba ita ba ce. Na kira mai lambun renon na wanke shi tas, na ce ruɓaɓɓun dashe ya kawo mana, ya bar su a rana don mugunta. Ya saurara har na gama, ya ce, "Sista, ƙauyuka huɗu na kai wa irinsu, naki ne kawai ke mutuwa." Ya kashe wayarsa. Ni kuwa da na ga suna mutuwa sai na ƙara zurfafa wa na rayen gurbi, wai ko ruwa ne bai ishe su ba. Ruwa, jama'a, a bakin teku. Ƙarshen filin kuwa ban ko leƙa ba, don na riga na yanke cewa marayun sun daɗe da mutuwa, kuma zuciyata ba za ta ɗauki ganinsu ba.

Makonnin nan ban san yadda na yi su ba. In dawo a jirgi da warin taɓo a jikina, mutane su riƙa matsawa a hankali cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Wata rana a tashar Sentul na zauna a benci hawaye suka ɓalle min, na kasa tsayar da su. Wata dattijuwa Ba'indiya mai shara ta zo ta tsaya a gabana da tsintsiyarta, ta kare ni daga idon mutane, tana share wuri ɗaya har na gama. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban san sunanta ba. Da na isa gida na kira mijina, ya ji muryata ya ce, "Hauwa, ki dawo kawai. Ba wanda zai ce miki komai."

"Za su ce, Malam. In ba su faɗa da baki ba za su faɗa da ido."

"To su faɗa. Yaran nan uwa suke so, ba takarda ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona ni. Na ce masa ya ba ni zuwa ranar ƙirga. Ya ce Allah ya kai mu.

A mako na shida matattu sun haura ɗari da hamsin. Ina tsaye tsakiyar fili da tsakar rana, littafin awo a hannu ban rubuta komai ba, sai na ji an damƙi wuyan hannuna. Mak Cik Som ce. Ta ja ni ƙasa da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta tsoma hannuna cikin gurbin wani dashe. Wayyo! Ruwan da ke kwance ciki zafi ne da shi kamar ruwan wankan jego, ga wari. Ta tura yatsuna ƙasa, ta zaro saiwar, baƙa ƙirin, ta narke. Ba ta sake ni ba. Ta ja ni muka ratsa layukan nan duka har can ƙarshe, inda ban taka ba tun ranar dashe.

Kore shar. Marayuna ɗari biyu suna tsaye, wasu har da sabon toho. Gindinsu a shafe yake, ruwa ya zo ya wuce abinsa, ba ko ɗigo a kwance.

Ta yi min magana a hankali, kalma-kalma, kamar yadda ake yi wa yaro. "Hawa. Ruwa ya zo, ruwa ya tafi. In ya tafi, bakau ya sha iska. Ke kin hana ruwa tafiya. Rana ta dafa shi." Ta nuna ƙafata, ta danna tata dunduniyar a taɓo don in gane. "Na kira ki sau biyu. Kika ɗaga min hannu."

Na zauna daɓas cikin taɓo. Ni ce. Ba mai lambu ba, ba ƙaguwa ba, ba mutanen ƙauyen da na raina ba. Kwana takwas na yi ina bin itatuwan nan ɗaya-ɗaya ina kashe su da ƙauna, har ina jin haushin ciwon da ya hana ni ƙarasa sauran. Da kawar nan ba ta yanke ni ba, da ko ɗaya bai tsira ba.

Na fito kan tudu na kira Baba. Ƙarfe biyun rana a nan, can hantsi bai ɗaga ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, lafiya na ji muryarki haka?"

"Baba, gurbinka ya kashe min itatuwa." Haka na faɗa, Allah ya yafe min. Na kwashe komai na gaya masa ina kuka ina haɗiyar majina.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Wurin jigawa ne ko fadama?"

"Baba, teku ne."

"Ban tambaye ki sunansa ba. Ruwa nema ake yi a wurin, ko gudunsa ake yi?"

"Gudunsa ake yi, Baba."

"To ai ni jigawa na koya miki," in ji shi. "Shekarar da aka tura mu dashe fadamar Hadejia, huɗa muka yi, muka ɗora itace a sama, muka yanka wa ruwa hanya. Kina ƙarama, uwarki ta ce sauro, na bar ki a gida. Da na tafi da ke da kin gani da idonki. Laifina ne, Uwata, rabi na koya miki."

Na kira shi ne in ɗora masa, ga shi ya karɓa ya ɗora wa kansa, kuma wannan ya fi min duk faɗan da zai yi. Ya ce in share hawaye in tashi, wanda saiwarsa ba ta gama ruɓewa ba zai iya dawowa. In cike gurbin, in ɗan tayar da gindin, in ja 'yar hanya daga kowane layi zuwa gangare.

Kashegari na je Jalan Semarak na faɗa wa Furofesa Zaitun komai, na shirya wa kora. Ta cire tabaranta ta dube ni. Ta ce abin da na yi ba tare da na gaya mata ba babban laifi ne, kuma za ta rubuta shi a rahotonta yadda yake. Sannan ta turo min takarda. "Rubuta min layukan da kika taɓa da waɗanda ba ki taɓa ba, da ranakun. In wurin ya tsira, wannan shi ne babi mafi amfani a littafinki. In bai tsira ba kuwa, babu littafin."

Mako shida suka rage. Ni da Mak Cik Som da ƙawayenta biyu muka shiga cike abin da na haƙa. Na bar bin agogo, na koma bin kwanan wata, don ta nuna min ruwa da wata yake tafiya, kuma wannan lissafin ko a Gumel na iya shi. Kullum sai ta zo min da tapau, ƙunshin shinkafa da kifi a ganyen ayaba, ta tsaya a kaina tana cewa "Makan, makan", wato ci, ci, har sai na cinye. Wasu dashen suka ci gaba da mutuwa duk da haka, kuma a ƙarshen filin ma igiyar ruwa ta tumɓuke kaɗan. Amma wata safiya na ga wani da na riga na sa masa alamar mutuwa ya fitar da ganye biyu ƙanana. Na durƙusa a gabansa ina ta yi masa sannu kamar mahaukaciya.

Saura kwana biyu kwamiti ya zo na yi ƙirga ta ƙarshe. Na maimaita sau uku ko lissafi zai ji tausayina. Ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Saura ashirin da tara a kai rabi.

Ban san wa ya gaya wa mai lambun renon ba. Ana gobe sai ga motarsa, wannan karon har bakin gaɓa, lungun ya yi mata daidai. Ya sauke dashe talatin kore shar. Shi ma yana son aikin ya ci gaba don a ci gaba da sayen dashensa. "Kowa haka yake yi, Sista," in ji shi. "A cire matacce, a soka sabo, a ɗaura masa tsohuwar lamba. Manya ba sa shiga taɓo, daga kan tudu suke ƙirgawa."

Ba zan yi ƙarya in ce na kore shi ba. Na karɓa. Na aza kwandon a ka na shiga fili, na tsallaka igiyar da ta kewaye wurin ƙirga, na cire matacce na farko na soka sabo. Na yi na biyu, na yi na uku. Ina ce wa kaina Abba, Abba, don Abba nake yi. Da na ɗago sai na ga Mak Cik Som a tsaye da bokitinta tana kallona. Ta riga ta kira ni sau biyu a baya na ɗaga mata hannu, wannan karon ba ta ɓata bakinta ba, ta juya ta ci gaba da tononta. Matar nan maƙabartar da teku ke lasa mijinta na ciki, ta fi ni buƙatar ashirin da taran nan, amma ba ta zo ta taya ni ba. Na zare ukun, na mayar da matattun ramukansu da lambobinsu. Talatin ɗin na kai su bayan igiya na dasa, don ba zan iya barin dashe ya bushe a leda ba. Ban yi musu gurbi ba. Sai da na riƙa kallon ƙafata ina hana ta.

Ranar ƙirga mutum biyar suka zo daga majalisa, huɗu suka tsaya kan tudu da lema. YB ta zura takalminta na roba ta shigo. Abin da ta fara tararwa shi ne sababbin nan na bayan igiya. Ta sunkuya ta kama ɗaya da yatsu biyu ta ja, ya fito salin-alin da siffar ledarsa. Fuskarta ta canja nan take. Ashe 'yar masunta ce, ta san wannan wasan tun kafin a haifi mai lambun.

"Na jiya ne, YB," na ce. "Ba sa cikin lissafi. Lissafi daga igiya yake farawa."

Ta dube ni, ta mayar da shi ramin, ta tsallaka igiya. Ta kama wani ta ja, ya ƙi. Ta matsa gaba ta ja wani, ya ƙi. Ta zo daidai kan ukun da na taɓa jiya, matattu da lambobinsu, ta wuce. Zufa ta jiƙa min hijabi sharkaf. Sai da ta ja fiye da ashirin, tun daga layin farko har ƙarshe, sannan ta ce, "Nawa?"

"Ɗari biyu da saba'in da ɗaya."

"Bai kai ba."

"Bai kai ba, YB. Kuma ni na kashe sauran, ba wurin ba ne." Na nuna mata da ƙafata yadda na yi, na nuna mata inda na tsaya da inda mutanen ƙauye suka dasa ban taɓa ba. Ta sa aka ƙirga wannan ɓangaren shi kaɗai, aka samu ɗari da tamanin da huɗu cikin ɗari biyu. Ta juya ta ɗaga wa na kan tudu murya ta ce su sauko su gani. Suka dubi takalmansu masu sheƙi. Ta maimaita. Wallahi sai ga manyan mutane suna naɗe wando.

Ba su yanke hukunci a ranar ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a Danau Kota, akwatina a buɗe a tsakar ɗaki, in saka kaya in fitar, Bilki na tsallake shi tana tsaki. Ban san abin da YB ta faɗa musu a majalisa ba. Abin da na sani, a rana ta goma sha biyu Furofesa ta kira ni ta karanta min layi biyu: an ƙara wata shida, za a sake dasa layukan da suka mutu, kuma mutanen ƙauyen ne za su jagoranci dashen. Bilki ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka buga mana bango.

Na gama. Na rubuta babin da sunan kuskurena a ciki, ban sakaya ba. Mak Cik Som ta raka ni har bakin kwalta ranar ƙarshe, ta taka min ƙafa da wasa ta ce in tafi da ƙafar nan gida, a can take da amfani.

Da damina na isa Gumel. Abba ya ɓuya bayan kakarsa kwana biyu yana leƙena, sai da na yi masa magana daga bayan ƙofa ya gane muryar, ya fito a hankali. A mako na biyu Baba ya aiko a kira ni. Idonsa ya yi rauni sosai, amma ya sa an kawo masa dashen darbejiya ɗaya, ya ce in dasa masa a ƙofar gida ya ji. Na haƙa rami, na yage leda, na saka, na mayar da ƙasa. Sai na tsaya. Ƙafata ta ɗaga ta ƙi sauka, na kasa. Baba yana zaune kan tabarma, ya karkata kunne, ya ji shirun ya yi yawa.

"Uwata, me kike jira?"

"Tsoro nake ji, Baba."

Ya lalubo ƙasar da hannunsa, ya damƙo yashi, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa.

"Nan jigawa ce," ya ce. "Kin dawo gida. Danna."